Tutar Amurka a shafi 32: gyaran daftarin littafin yara da ya cakuɗa tarihi da hikaya

Daftarin da za mu duba littafin hotuna ne na yara 'yan shekara 6 zuwa 8, mai shafi 32 da kalmomi kusan 900, wanda ke son ya faɗa wa yaro inda tutar Amurka ta samo asali da abin da take nufi. An harhaɗa shi ne daga kurakuran da suka fi maimaituwa a irin wannan littafi, don haka duk editan da ya taɓa riƙe makamancinsa zai gane shi. An gama rubutu, mai zane ya yi zanen fensir na kowane shafi, launi kawai ya rage. Nan ce gaɓa ta ƙarshe da gyara ke da sauƙi. Da zarar an shafa launi, sauya tauraro ɗaya yana iya jawo a sake hoton ɗungurungum.

Shafi 32 ɗin ba zaɓin marubuci ba ne. Maɗaba'a tana buga shafuka a kan babban falle ta naɗe shi, kowane falle ya ba da shafi 8 ko 16, shi ya sa adadin ke tafiya 24, 32, 40, 48. Uku na farko na sunan littafi ne da bayanin haƙƙin mallaka, uku na ƙarshe na ƙarin bayani ga malamai da iyaye. Abin da ya rage, daga shafi na 4 zuwa na 29, buɗi 13 ne, wato shafi biyu masu kallon juna sau 13. In aka raba musu kalma 900, kowane buɗi zai samu kamar 70. Daftarin ya ba Betsy Ross, matar da ake cewa ita ta ɗinka tutar farko, buɗi biyar, ya ba George Washington, jagoran sojojin Amurka a yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya, ɗaya yana haye kogin Delaware, biyu ga ma'anar launuka, biyu ga ladubban riƙe tuta, sannan ya cusa sauran tarihin shekara ɗari biyu a buɗi uku.

Matar da ta cinye buɗi biyar

Labarin yana da daɗi, kuma an san dalilin da ya sa marubuta ke ruguwa gare shi. A 1776 Washington da wasu mutum biyu suka shiga shagon wata mai ɗinki a Filadelfiya da zanen tuta mai taurari masu tsini shida. Ta naɗe takarda, ta datsa da almakashi sau ɗaya tak, ta buɗe, sai ga tauraro mai tsini biyar. Suka gamsu, suka ba ta aikin tutar farko. Akwai jaruma, akwai dabara, akwai abin da yaro zai gwada da hannunsa.

Ita Betsy Ross ta rayu da gaske, daga 1752 zuwa 1836. Sana'arta ɗinkin labule da rufin kujeru da katifu, kuma ta ɗinka tutoci: akwai takardar watan Mayun 1777 da ke nuna hukumar jiragen yaƙi ta Pennsylvania ta biya ta kuɗin tutocin jirage. Amma labarin ziyarar Washington bai fito fili ba sai a 1870, lokacin da jikanta William Canby ya karanta shi gaban ƙungiyar tarihi ta Pennsylvania, shekara 94 bayan lokacin da ya ce abin ya faru. Yana da shekara 11 kakar tasa ta rasu. Wasu dangi sun yi rantsuwa a rubuce cewa sun ji labarin daga bakinta, sai dai babu wasiƙa ko takardar majalisa ta zamanin da ta ambaci ziyarar.

Abin da takardu suka adana daban ne. Ranar 14 ga Yunin 1777 majalisar wakilan yankuna 13 ta zartar da ƙuduri mai jimla ɗaya: tutar za ta zama ratsi 13, ja da fari bi da bi, da farin tauraro 13 a filin shuɗi, alamar sabon gungun taurari. Mutumin da ya fito a rubuce ya ce shi ya zana ta shi ne Francis Hopkinson na New Jersey, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kai. A 1780 ya nemi a biya shi ladan aikin, aka hana shi, bisa hujjar cewa ba shi kaɗai aka tuntuɓa ba kuma dama yana karɓar albashin gwamnati.

Editoci da yawa a nan sukan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu. Wasu su bar labarin yadda yake, su ƙara 'yar jimla a shafin baya cewa masana tarihi na da ja, alhali yaro ba ya karanta shafin baya. Wasu kuma su cire Betsy Ross kwata-kwata, yaro ya ci karo da ita a makaranta ya ɗauka littafinsa ne ya manta. Gyaran da ya fi tsayawa shi ne a rage ta zuwa buɗi ɗaya, a kuma sauya wanda ke magana. Ɗan shekara 7 yana iya bambance "doka ta ce" da "takarda ta nuna" da "jikanta ya ce", muddin an riƙe kowace jimla da lafazinta daga farkon littafi zuwa ƙarshe.

Sauya kalma kaɗai ba ta isa ba, domin gani ya kori ji. Idan rubutu ya ce "jikanta ya ce" amma hoton ya cika shafi biyu da Washington tsaye a shagon, da launi iri ɗaya da na sauran shafuka, to hoton yaro zai ɗauka. Saboda haka a zana Canby a gefen hagu yana karanta takardarsa gaban jama'a, shagon kakarsa ya fito a dama cikin da'irar tunani mai kodaɗɗen launi. Wannan salon kada a yi amfani da shi a ko'ina cikin littafin sai inda ake ba da labarin baka. Datsa tauraron da almakashi ya koma shafin ayyuka na baya, inda ba ya da'awar komai.

Ƙudurin 1777 bai faɗi yadda za a jera taurarin ba, bai faɗi tsini nawa ba, bai faɗi tsawo da faɗi ba. Daftarin ya zana da'irar taurari 13 a kowane shafi kamar ita ce kaɗai. A gaskiya kowane mai ɗinki yadda ya ga dama yake yi: wasu da'ira, wasu layi-layi na uku, biyu, uku, biyu, uku, wasu taurari masu tsini shida ko takwas. Buɗin 1777 zai fi gaskiya, ya kuma fi jan ido, idan aka shanya tutoci huɗu mabambanta a kan igiya ɗaya aka tambayi yaro wacce ce ta bi doka. Amsar: dukkansu.

Buɗin haye kogin Delaware ya faɗa ramin da shahararren zanen Emanuel Leutze na 1851 ya haƙa. An haye kogin a daren 25 ga Disamban 1776, kusan wata shida kafin a zartar da tuta mai taurari, amma zanen ya sa ta a cikin kwalekwale, masu zanen littattafan yara kuma suna ta kwafa. An cire buɗin, aka sa na tutar da ta gabace ta, mai ratsi 13 da alamar Birtaniya a kusurwa. Yaro zai tambaya me ya kawo alamar abokin gaba a kan tutarsu, amsar kuma ita ce darasin: lokacin da aka fara ɗaga ta a ƙarshen 1775 ana yaƙi, amma ba a kai ga ayyana rabuwa da sarkin Birtaniya ba.

Launukan da ba a ba su ma'ana ba

Daftarin ya rubuta cewa waɗanda suka yi tutar sun zaɓi ja don jarumta, fari don tsarki, shuɗi don adalci. Ƙudurin bai ce uffan ba a kan haka. Bayanin ya fito ne daga Charles Thomson, sakataren majalisar, a 1782, kuma hatimin ƙasa yake bayani: fari tsarki da rashin laifi, ja juriya da jarumta, shuɗi kuma sa ido da dagewa da adalci. Daga baya mutane suka ɗora wa tuta. Gyaran jimla ɗaya ne, a ce bayan shekara biyar aka bayyana ma'anar launukan nan a kan hatimi, jama'a suka riƙe ta ga tuta ma. Buɗi biyu suka koma ɗaya. Haka ma'anonin da ake jingina wa kowane ninki na naɗe tuta, ba sa cikin dokar tuta, an cire su.

Mai ɗinkin da ke da shaida

Buɗi huɗun da aka karɓe daga Betsy Ross, uku sun koma ga wata mai ɗinkin da ba a jayayya a kanta. A bazarar 1813, ana tsakiyar yaƙi da Birtaniya, Manjo George Armistead mai kula da sansanin Fort McHenry a bakin tashar jiragen Baltimore ya nemi tutar da abokan gaba za su hango daga nesa. Mary Pickersgill aka ba aikin. Tutar ƙafa 30 ce a ƙafa 42, wato kusan mita 9 a mita 13, kowane ratsi faɗinsa ƙafa biyu, kowane tauraro ma kusan ƙafa biyu. Gidanta bai ɗauke ta ba, sai da aka shimfiɗa ta a daɓen wani kamfanin giya da ke kusa aka ƙarasa. An biya ta dala 405 da santi 90, rasit ɗin yana nan.

Wannan labarin yana da abin da littafin yara ke nema wanda na Betsy Ross bai da shi: akwai yara a ciki. 'Yarta Caroline mai shekara 13 ta yi ɗinkin, da wasu 'yan mata biyu daga dangin Mary, da Grace Wisher, yarinya baƙar fata ita ma mai shekara 13, wadda ke zaune a gidan ƙarƙashin yarjejeniyar koyon aiki ta shekaru. Daftarin bai ambace ta ba. A gyaran, tana cikin buɗi biyu da allura a hannu kuma an kira sunanta. Babu hotonta da ya wanzu, don haka shafin baya ya faɗa wa mai karatu cewa fuskar da ya gani ta mai zane ce.

Girman ma darasi ne. Yaro ba ya jin "ƙafa 30", amma in aka zana yarinya a durƙushe kan tauraro ɗaya, tauraron ya kusa kai rabin tsayinta, ya fahimta ba sai an ƙara kalma ba.

Wurare biyu mai zane ke tuntuɓe a nan. Na farko, tutar ratsi 15 ce da tauraro 15. Bayan shigowar Vermont a 1791 da Kentucky a 1792, dokar da ta fara aiki a 1795 ta ƙara ratsi biyu da tauraro biyu, haka kuma ta zauna har 1818 ko da yake jihohi sun kai 18 a lokacin yaƙin. Hannun mai zane ya saba da 13, in ba a rubuta masa a gefen takarda ba 13 zai zana. Na biyu, an ɗinka tutoci biyu ne, babbar da wata ƙarama mai ƙafa 17 a 25 ta lokacin hadari. An yi ruwa a daren 13 ga Satumban 1814 da jiragen Birtaniya suka yi luguden wuta na kusan awa 25, kuma masana sun fi karkata ga cewa ƙaramar ce a sama cikin dare, da safe aka ɗaga babbar. Ita Francis Scott Key ya hango ya rubuta baitocin da suka zama taken ƙasa a 1931. Saboda haka hoton dare ya ɗauki ƙaramar tuta a jiƙe, a juya shafi, babbar ta cika buɗin safiya. Juyin shafin nan shi ne ƙololuwar littafin, kuma tarihin ne ya ba da shi kyauta. Tutar tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, ta ragu zuwa ƙafa 34 a tsawo, tauraro ɗaya babu, saboda guntayen da aka riƙa yanka ana ba mutane tsaraba.

Daga tauraro 20 zuwa 50

Dokar 4 ga Afrilun 1818 ta mayar da ratsi zuwa 13 don tuna yankunan farko, ta ce kowace sabuwar jiha tauraro ɗaya, a ƙara shi ranar 4 ga Yulin da ta biyo bayan shigarta. Wannan ƙa'idar ce ke bayyana duk abin da ya biyo baya. Alaska ta shiga a Janairun 1959, tauraronta ya hau a Yulin shekarar. Hawaii ta shiga a Agustan 1959, ta jira sai 4 ga Yulin 1960. Tuta mai tauraro 49 shekara ɗaya cif ta yi.

Jimillar sigogin hukuma 27 ne, ba 38 ba, domin wani lokaci jihohi kan shigo a tare. Daftarin ya zana jerin ƙananan tutoci yana ƙara tauraro ɗaiɗai, har da masu 22 da 40 da 47, waɗanda ba su taɓa zama na hukuma ba. A 1890 ma daga 38 aka tsallaka 43. An bar shida kawai, 20, 34, 38, 43, 48 da 50, kowacce da shekararta a ƙasa. Ta 34 tana da dalilinta: ita ce aka ɗaga a Yulin 1861, yaƙin basasa ya riga ya ɓarke, ba a kuma cire taurarin jihohin da suka ɓalle ba. Jeren taurari bai samu ƙa'ida ba sai 1912, da Shugaba Taft ya tsayar da layi shida na takwas-takwas.

Taswirar da ke bayan tutocin ita ma sai da aka taɓa ta. Daftarin ya nuna jihohi suna tsirowa a kan farin fili kamar ba kowa. Akwai al'ummomin asali da ke zaune a ƙasar tun kafin tutar, da yawansu kuma an tashe su da ƙarfi. Littafi mai kalma 900 ba zai ɗauki wannan tarihin ba, amma zai iya guje wa zana ƙasar a matsayin kufai. An rubuta sunayen wasu al'ummomin a taswirar, aka ƙara jimla ɗaya a rubutu da sakin layi guda a baya.

Awo da tawada

Yara suna ƙirgawa. Babba yana kallon tuta ya wuce, yaro kuwa ɗora yatsa yake yi a kan kowane tauraro. Awon tutar yanzu yana cikin umarnin Shugaba Eisenhower na 21 ga Agustan 1959, kuma hanya mafi sauƙi ga mai zane ita ce ya ɗauki tsayi santimita 13. Tsawo zai zama 24.7, kowane ratsi santimita ɗaya, filin shuɗi 7 a 9.9, kowane tauraro kusan milimita 8. Ja bakwai ne, fari shida, ja a sama ja a ƙasa. Filin shuɗi yana sauka daidai ƙarshen ratsi na bakwai, wanda ja ne, don haka ratsin da ke ƙarƙashinsa fari ne. In aka ga ja a nan, an yi kuskure. Taurari layi tara ne, biyar masu shida-shida, huɗu masu biyar-biyar a tsakaninsu.

Daftarin ya shimfiɗa tutar a kan shafi biyu, filin shuɗi ya faɗo daidai tsagin tsakiya inda ɗinki yake. Tsagin yana haɗiye 'yan milimita, wanda ya isa ya ɓatar da jeri ɗaya na tsaye, yaro ya ƙirga 45 ko 46. A matsar da filin shuɗi gaba ɗaya zuwa shafin hagu, aƙalla santimita ɗaya daga tsagin, ratsi kawai ya ƙetare. Duk hoton da ya kai bakin takarda a ba shi rarar milimita 3 saboda yanka, kada kuma tauraro ko ratsin ƙarshe ya zauna a cikin rarar.

Wani kuskuren daga mai tsara shafi yake zuwa. Yana juya hoto hagu zuwa dama don yaron da ke ciki ya fuskanci juyin shafi, sai tutar da ke rataye a bango ta koma da filin shuɗi a dama. Dokar tuta ta 1942 ta ce in an rataye ta a bango, a kwance ko a tsaye, filin shuɗi yana sama ta hagun mai kallo. Wadda ke kan sanda ba ta da wannan matsalar, muddin shuɗin yana jikin sandar ta sama.

Bugu da tawada huɗu ake yi, waɗanda ake kira CMYK: shuɗi mai haske, ja mai sirkin hoda, rawaya da baƙi. Shuɗin da ke kyau a allon kwamfuta yakan fito shunayya a takarda idan yawan tawada ta biyu ya matso kusa da na ta farko, shi ya sa ake barin tazarar kamar kashi 30 tsakaninsu. Takarda marar sheƙi tana shan tawada, ja ya dushe ya nufi ruwan ƙasa, don haka a nemi gwajin bugu a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita. Farin tauraro kuwa ba tawada ba ce, takardar ce aka bari. Idan farantin da ke buga ɗaya daga cikin tawadar ya goce ko da kaɗan, ko tawada ta yaɗu, ƙananan taurari sukan toshe. A tutar da ba ta kai santimita uku ba, gara a zana ta tana kaɗawa, ninki ya rufe wani sashe na filin shuɗi, da a cusa ɗigo hamsin da za su fito arba'in da wani abu.

Ladubban riƙe tuta sun koma shafin baya tare da jerin shekaru, sai buɗin farko ya zama tutar yau da tambaya ɗaya ga yaro: nawa ne? Kafin launi, a buga zanen fensir a naɗe shi littafin gwaji mai girman gaske, a karanta wa yara da babbar murya, a tambaye su wa ya ɗinka tutar farko. In sun amsa Betsy Ross kai tsaye, ba su ce "an ce" ba, buɗin nan bai yi aikinsa ba, a ƙara kodar da launinsa ko a rage girman da'irar. A gwajin bugu na ƙarshe kuma, wani wanda bai taɓa ganin zanen ba ya ɗauki fensir ya soke taurari da ratsi ɗaya bayan ɗaya a kowace tuta, ya rubuta adadin a gefe kusa da shekararta, sannan a sa hannu a ba maɗaba'a izinin bugu.